Shehu Magili, Malamin da Ya Tsaya wa Ilimin Manɗiƙi

A wannan makon mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun kawo muku tarihin wani malami da ya rasu fiye da shekara 500 da suka wuce, amma har yau sunansa bai ɓace ba a ƙasar Hausa. Sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarim Al-Magili. Mutanen Kano suna ce masa Shehu Magili.

An haife shi a Tilimsan, cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu, wajen shekarar 1440. Ya yi karatu wurin manyan malamai irin su Abdurrahman As-Sa'alibi, daga baya ya koma Tuwat da zama. Tuwat wasu garuruwa ne masu dabino a tsakiyar Sahara, inda ayarin raƙuma ke yada zango.

A Tuwat ɗin ne aka yi abin da ya fi komai nauyi a tarihinsa. Akwai Yahudawa 'yan kasuwa da suka daɗe a wurin, suna da wurin ibadarsu a garin Tamantit. Magili ya ce a rushe shi. Alƙalin Tuwat bai yarda ba, aka aika wa malaman wasu birane tambaya, su ma suka rabu biyu. A ƙarshe mabiyansa suka rushe wurin, aka kashe mutane, wasu suka gudu. Mu dai a ganinmu alƙalin ne ya fi gaskiya, domin mutanen nan a ƙarƙashin amanar Musulmi suke zaune. Mun faɗi wannan ne saboda tarihin mutum ba a cire masa ɗaci a bar zaƙi kaɗai.

Bayan haka ya keto hamada zuwa kudu. Ya biyo ta ƙasar Azbin, ya zo Katsina da Kano. Sarkin Kano a lokacin shi ne Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ya gina Gidan Rumfa da sarakunan Kano ke zaune a ciki har yau. Magili ya rubuta masa ɗan littafi kan yadda ake riƙon jama'a, wanda aka sani da Tajuddini, babi takwas ne. A ciki ya yi maganar shari'ar adalci, da inda ya halatta sarki ya samo dukiya, da inda ya kamata ya kashe ta. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada sarki ya ɓuya wa talakawansa, domin daga nan ne ɓarna ke farawa. Duk wanda ya taɓa raka babansa wani ofis aka ce mai gida ba ya nan, ya fahimci wannan magana. A Kano akwai unguwar Sharifai, inda zuriyar da ake dangantawa da shi take.

Daga ƙasar Hausa ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, sarkin Songhai da ya hau mulki a 1493. Askiya ya yi masa tambayoyi kan mulki da addini, shi kuma ya amsa a rubuce. Yana can ne labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ya koma, kuma a can ya rasu wajen shekarar 1504.

Yanzu ga abin da ya sa muka zaɓe shi. Manɗiƙi ilimi ne na auna hujja, a gane ko magana ta tsaya da ƙafarta ko ba ta tsaya ba. Misali, a ce duk ƙarfe yana ɗaukar zafi, allura kuma ƙarfe ce, to dole allura ta ɗauki zafi. Amma in wani ya ce duk kaza tana da fiffike, shaho yana da fiffike, saboda haka shaho kaza ne, manɗiƙi zai nuna maka daidai inda ya zame. Musulmi sun samo wannan ilimi daga littattafan Girkawa, musamman na Aristo. Ba su kaɗai suka damu da shi ba. A Indiya, malaman addinin Buddha irin su Dignaga da Dharmakirti sun yi rubutu a kansa ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Magili, kuma misalin da malaman Indiya suka fi so shi ne hayaƙi a kan dutse yana nuna akwai wuta.

To, babban malamin Masar, Jalaluddini As-Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, yana ganin karatun manɗiƙi haramun ne, har littafi ya rubuta a kan haka. Magili ya aika masa da waƙa yana ja da shi. Hujjarsa ita ce manɗiƙi hanya ce kawai ta bayyana gaskiya, kuma gaskiya ana karɓarta ko daga bakin wa ta fito, ana gane mutane ne da gaskiya, ba a gane gaskiya da mutane. Suyuɗi ya mayar masa da amsa shi ma a waƙe, bai sauka daga ra'ayinsa ba, amma ya yi maganar cikin girmamawa. Magili ya kuma tsara manɗiƙi a waƙa domin ɗalibai su haddace, aka riƙa karanta ta a Timbuktu. Abin mamaki a wurinmu shi ne, mutumin da ya kasa haƙuri da maƙwabtansa a Tuwat shi ne ya kare ilimin da ya fito daga hannun Girkawa.

Labarinsa ya taɓo mu nan gida. Kusan shekara 300 bayan rasuwarsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa kafa hujja da amsoshin da Magili ya ba Askiya a cikin littattafansa. Shehu kuwa ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya kuma zauna a Faru, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Maradun a yau.