Clair Patterson: Masanin da ya tona asirin gubar dalma

A shekarar 2010, gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da Yargalma a Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje.

Ma'aunin da likitoci suka yi amfani da shi shi ne maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin desilita guda na jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita.

Clair Patterson na cikin waɗanda suka koya wa duniya auna dalma ƙanƙanuwa haka.

An haife shi a ranar 2 ga watan Yunin 1922 a jihar Iowa ta Amurka, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Chicago a 1951.

Aikin da aka ba shi da farko shi ne gano shekarun duniya. Sinadarin yuraniyom yakan rikiɗe ya koma dalma sannu a hankali, saboda haka yawan dalmar da ke cikin dutse kan nuna daɗewarsa.

To amma duk abin da ya auna, sai ya tarar dalmar da ke cikin iska da ƙura ta gurɓata shi. Wannan ya sa ya gina ɗakin bincike mai tsananin tsabta a cibiyar Caltech.

A 1956 ya wallafa cewa duniya ta kai shekaru biliyan 4.55, bayan nazarin duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya.

Daga nan ya bi sawun dalmar har cikin teku da ƙanƙarar Greenland, ya kuma ɗora laifin a kan man fetur da ake zuba wa dalma. Rahotonsa na 1965 ya jawo masa fushin kamfanonin mai, har ya rasa tallafin bincike.

A wancan lokaci ana ɗaukar maikirogiram 80 a matsayin iyakar haɗari. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ɗaukar mataki daga maikirogiram 5. Jinin yara da dama a Zamfara ya zarce 65, iyakar abin da na'urar tafi-da-gidanka ke iya aunawa.

Patterson ya rasu a ranar 5 ga watan Disambar 1995, makonni kaɗan kafin Amurka ta haramta irin wannan fetur ga motoci.