Margaret Wade: Malamar da ta ɗaga darajar ƙwallon kwando ta mata a Amurka

A kowane watan Maris, ƙungiyoyi 68 na jami'o'in Amurka kan shiga gasar ƙwallon kwando ta mata, gasar sili-ɗaya-ƙwale wadda duk ƙungiyar da aka doke sau ɗaya sai ta tattara nata-ya-nata. A shekarar 2024 mutanen da suka kalli wasan ƙarshe na matan a talabijin sun kusa miliyan 19, adadin da ya zarce na maza a karon farko. Cikin waɗanda suka share wa gasar fage akwai wata malama daga jihar Mississippi, Lily Margaret Wade, wadda aka hana ta wasan tana budurwa, ta kuma dawo ta ci kofin ƙasa sau uku a jere tana da shekara sittin da 'yan kai.

An haifi Margaret Wade ranar 30 ga Disamba, 1912, a garin McCool, ta kuma tashi a Cleveland, wani ƙaramin gari a yankin noman auduga na Mississippi. Tun a makarantar sakandare ta yi fice a ƙwallon kwando. Daga nan ta shiga kwalejin horar da malamai ta Delta State da ke garin nasu, inda har ta zama kyaftin ɗin ƙungiyar mata.

A zamanin, ƙa'idojin wasan mata sun bambanta da na maza. Akan raba fili kashi-kashi, kowace 'yar wasa da iyakar da ba ta tsallakewa, saboda an ɗauka cewa jikin mace ba zai jure gudu daga wannan kwando zuwa wancan ba. Duk da wannan sassauci, a shekarar 1932 hukumar kwalejin ta rushe ƙungiyar matan baki ɗaya, bisa hujjar cewa wasan ya yi wa 'yan mata tsanani. Takaici ya sa Margaret da abokan wasanta suka ƙona rigunan wasansu.

Ba ta haƙura ba. Ta buga wa wata ƙungiya mai suna Red Wings ta garin Tupelo wasa na tsawon shekara biyu, kafin rauni a gwiwa ya raba ta da fili. Sai ta koma koyarwa da horar da 'yan mata a makarantun sakandare. Mafi yawan shekarun ta yi su ne a tsohuwar makarantarta ta Cleveland, inda ƙungiyoyinta suka ci wasa fiye da 400. A shekarar 1959 Delta State ta ɗauke ta aiki a matsayin shugabar sashen motsa jiki na mata. Shekara 14 ta yi a wannan kujera, a makarantar da har lokacin ba ta da ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata.

Abubuwa uku ne suka sauya lamarin. A shekarar 1971 aka amince mata su riƙa wasa biyar-biyar a faɗin fili, kamar yadda maza ke yi. A shekarar ce kuma malaman motsa jiki mata suka kafa hukumar AIAW domin kula da wasannin ɗalibai mata, wadda ta shirya gasarta ta ƙasa ta farko a 1972. Sannan a watan Yunin 1972 aka sa hannu kan dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Ganin haka, a 1973 Delta State ta nemi Margaret ta farfaɗo da ƙungiyar da aka rushe shekara 41 da suka gabata. Ta amsa, alhali ta kai shekarun da sa'o'inta ke shirin ritaya.

Ba ta je nesa neman 'yan wasa ba. Akasarinsu 'yan Mississippi ne. Wadda ta fi shahara ita ce Lusia Harris, doguwa mai tsawon ƙafa shida da inci uku, 'yar manoma daga Minter City, kuma baƙar fata a jihar da ba ta daɗe da buɗe makarantunta ga kowane launi ba. Akwai kuma Debbie Brock, wadda ba ta kai ƙafa biyar ba, amma ita ke tafiyar da wasan. A kakar farko ƙungiyar ta ci wasa 16, aka doke ta sau biyu kacal.

A lokacin, ƙaramar kwalejin Immaculata ta jihar Pennsylvania ce ke riƙe da kambu, domin ita ta lashe gasar AIAW a 1972 da 1973 da 1974. Gasar kuwa ta ƙungiyoyi 16 ce, ana kammala ta cikin 'yan kwanaki, don haka sai ƙungiya ta ci wasa huɗu a jere kafin ta ɗauki kofi. Kuskuren dare ɗaya kan rushe wahalar shekara guda. A 1975 Delta State ta isa wasan ƙarshe ba tare da an taɓa doke ta a kakar ba, ta lallasa Immaculata da ci 90 da 81, ta rufe shekarar da nasara 28 cif. A 1976 ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa, Delta State ta sake yin nasara da ci 69 da 64. A 1977 ta doke Jami'ar Jihar Louisiana da ci 68 da 55, ta ɗauki kofi na uku. A cikin waɗannan shekaru ne ta jera nasara 51 ba tare da faɗuwa ba.

Tasirin ƙungiyar ya wuce Mississippi. Lokacin da aka fara ƙwallon kwando ta mata a gasar Olamfik, a birnin Montreal na Kanada a 1976, Lusia Harris ce ta fara jefa ƙwallo a kwando, Amurka kuma ta koma gida da lambar azurfa. A shekarar 1978 aka ƙirƙiro kyautar gwarzuwar 'yar wasan jami'o'i, aka sa mata suna Wade Trophy, kuma har yau ana bayar da ita duk shekara. Margaret ta ajiye aikin horarwa a 1979, bayan ta ci wasa 157, an kuma doke ta sau 23 a kaka shida.

Sai dai nasarar da irin su Delta State suka samu ita ce ta janyo ƙarshen zamaninsu. Da aka ga wasan mata ya fara tara 'yan kallo, sai hukumar NCAA, wadda a da ta taƙaita ga wasannin maza, ta shirya tata gasar matan a 1982. Manyan jami'o'i masu kuɗi suka koma can, AIAW ta durƙushe, kuma ƙananan makarantu irin su Immaculata da Delta State ba su sake ɗaukar babban kofin ƙasa ba. Sauyin ya kawo kuɗi da talabijin, amma ya fitar da ragamar gasar daga hannun matan da suka kafa ta.

A shekarar 1985 aka shigar da Margaret Wade zauren gwarazan ƙwallon kwando na Naismith, tare da Senda Berenson da Bertha Teague, su ne mata na farko da suka samu wannan karramawa. Ta rasu ranar 16 ga Fabrairu, 1995, a garin Cleveland, tana da shekara 82.