Earl Sutherland: Likitan da ya gano yadda homon ke isar da saƙo cikin ƙwayoyin halitta

Idan ka firgita, jikinka kan saki sinadarin homon mai suna adrenaline, nan take hanta ta tura sukari cikin jini don ka sami ƙarfin gudu. To ta yaya hanta ke jin wannan saƙo? Earl Sutherland ne ya warware wannan tambaya.

An haife shi a ranar 19 ga Nuwamba, 1915, a garin Burlingame da ke jihar Kansas a Amurka. Ya kammala karatun likita a 1942 a Jami'ar Washington da ke St. Louis, inda ya koyi bincike a wajen Carl Cori. Ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya koma ɗakin bincike.

A 1953 ya tafi Cleveland. A can ne shi da Theodore Rall suka niƙa hanta, suka ware ɓawon ƙwayoyin halitta daga ruwan cikinsu. Sai suka ga adrenaline ba ya shiga ciki, a ɓawon yake aikinsa. Kamar baƙo ne da ya yi sallama a ƙofar gida, yaro ya shiga da saƙon. Wannan ɗan aike shi ne cAMP, kuma shi ke tayar da sinadaran da ke narkar da sukarin da hanta ta ajiye. Sai dai ka sani, wasu homon, irin su estrogen da testosterone, suna shiga har ciki da kansu.

Wannan bincike ya shafi lafiyarka kai tsaye. Maganin shaƙa na salbutamol da masu asma ke amfani da shi yana ƙara cAMP a tsokar hanyoyin numfashi, sai su buɗe. Gubar kwalara kuwa tana sa cAMP ya yi yawa a hanji, ruwa da gishiri su riƙa kwarara. Shi ya sa mai kwalara ke buƙatar ruwan gishiri da sukari ba tare da jinkiri ba, a kuma garzaya da shi asibiti.

Sutherland ya koma Jami'ar Vanderbilt a 1963, ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 1971. Ya rasu a Miami a ranar 9 ga Maris, 1974, yana da shekara 58.