Heinrich Barth (Abdulkarim), 1821–1865

An haifi Heinrich Barth a birnin Hamburg na Jamus a 1821. A 1850 ya taso daga Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg, a ayarin da gwamnatin Ingila ta tura tsakiyar Afirka, yana amsa sunan Abdulkarim.

Saura ƙiris tafiyarsa ta ƙare tun a hamada. A watan Yuli, kusa da garin Gat, ya ƙi jin gargaɗin Buzaye, ya hau Dutsen Idinen shi kaɗai, dutsen da suke ɗauka mazaunin aljanu. Ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, har ƙishirwa ta sa ya tsotsi jininsa. Washegari wani Buzu ya tsince shi rai a hannun Allah.

Da ya halaka a nan, da an rasa bayaninsa kan duwatsun Azbin da Agadas, da kasuwar Kano wadda ya gani a Fabrairun 1851, da kalmomin Hausar da ya tattara. Ya koma Turai a 1855, ya wallafa labarin tafiyarsa cikin mujalladi biyar, ya rasu a Berlin a 1865.