Malam Abdullahi na Gwandu: Wanda Ya Ajiye Takobi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa, ni dai tun ina almajiri a Zangon Kwatano malamaina suke ba ni labarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansu. Shi ya jagoranci rundunar Jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, Allah Ya ba su nasara a kan Gobirawa.

To amma da ya ga son mulki da ganima sun shiga zukatan mayaƙa, sai ya bar runduna ya nufi gabas. Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo.

Bayan yaƙin Kalambaina ya yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, alhali ɗan wansa ne. Ya danƙa al'amuran mulki ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya zauna Gwandu yana karantarwa da wallafa har rasuwarsa.

Ku duba, ya muridai: cin gari bai kai cin zuciya wuya ba. Allah Ya ba mu albarkacinsa, amin.