Sarauniya Mangu ta Lugu: matar da ta tare wa Voulet hanya

A filinmu na tarihin magabata yau mun leƙa ƙasar Arewa. Duk ɗan Nijar da ya zauna a lakwal ya ji sunan Sarauniya Mangu. Wasu a littafi suka gamu da ita, wasu a silima, wasu kuma a bakin kakanni da dare bayan tuwo. Matasanmu masu son labaran sarakuna da sarauniyoyi, irin su Daurama da Amina ta Zazzau, sukan sa ta a sahun gaba. To amma wace ce ita a ƙasa, kafin alƙalami da kyamara su yi mata ado?

Lugu ƙauye ne a ƙaramar hukumar Dan Kasari, gundumar Dogon Dutsi, cikin jihar Doso. Mutanensa Azna ne, Hausawa masu riƙe da addinin kaka da kakanni. A can, Sarauniya suna ne na sarauta, kuma mata da yawa sun riƙe ta kafin Mangu da bayanta. Labarin baka na garin ya ce Sarauniya ta farko daga Daura ta taso da jama'arta, tana biye da wani dutse da ake kira Tunguma, har ya tsaya a inda aka kafa Lugu. Dutsen nan shi ne ya zama wurin shari'a, inda ake kai ƙara idan magana ta gagara.

Sarautar Lugu ba irin wadda muka saba gani a fada ba ce, mai dawaki da algaita da dogarai. Sarauniya uwar ƙasa ce. Tana sanye da farin zane, tana zaune a bukkarta, tana kaɗin auduga, mutane na zuwa neman shawara kan damina, annoba, rikicin gona da yaƙi. Idan ta rasu, ba a taron masu zaɓen sarki. Ana ɗaukar gawarta a makara, a bi da ita cikin matan zuri'a, wadda makarar ta nufa ita ce magajiya. Wannan al'ada ita ake kira tarkama. A kan wannan kujera Mangu take lokacin da labari ya iso cewa wata runduna ta Nasara ta taso daga bakin kogin Kwara tana cin garuruwa da wuta.

Rundunar nan Faransa ce ta turo ta, ƙarƙashin Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine, waɗanda suka ci ƙasar Mosi da Wagadugu a 1896. An umarce su su kai tafkin Cadi, su haɗu da wasu runduna biyu, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kongo. Turawan cikinta ba su kai goma ba. Sauran duk ƴan Afirka ne: sojoji, mahaya, tafintoci da ɗaruruwan ƴan dako da aka kamo da ƙarfi. Guzurinsu bai isa ba, sai suka mai da kwasar ganima abincinsu. A watan Janairun 1899, a Sansane Hausa, sun kashe mutum 101, har da mata da yara. Daga nan duk inda suka bi sai toka: a kwashe hatsi, a kore dabbobi, a kama mata, a cinna wa gari wuta.

Labari ya riga su isa Arewa. Wasu sarakuna suka ga ba su da ƙarfin igwa da bindiga mai aman wuta, suka kai gaisuwa da guzuri don su tsirar da talakawansu. Wasu garuruwa suka watse cikin daji. Ba za mu zauna yau cikin inuwa mu zarge su ba, don wanda bai ga hayaƙin ba bai san zafin wutar ba. Ita dai Mangu wata hanya ta ɗauka. Ta aika wa Nasara saƙo cewa ba za su wuce ta ƙasarta ba, ta tara mayaƙan Lugu da na maƙwabta, masu baka da kibiya mai dafi, suka jira.

Ranar 16 ga Afrilun 1899 aka gwabza. Azna suka fito fili suka tari rundunar, harsashi ya yi musu yawa, sai suka ja da baya zuwa cikin kurmi mai sarƙaƙiya da ƙaya, inda tun da can suke fakewa idan mahara sun zo. A nan bindiga ta rage amfani, don ba ka harbin wanda ba ka gani. Sojojin Voulet suka kutsa, kibau na fito musu ta ko'ina. Lissafin da su Faransawan suka rubuta da hannunsu ya nuna an kashe musu mutum 4, an raunata 6, kuma sun ƙone dubban harsasai. Mai karatu zai ce ai wannan kaɗan ne. To a sani, tun tasowarsu ba su gamu da turjiya irin ta ranar ba. A ɓangaren Lugu kuwa an yi asarar rayuka da yawa, aka ƙone garin. Amma Sarauniya ba ta shiga hannu ba, ba ta kuma kai gaisuwar mubaya'a ba.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙara wa sunanta nauyi. A watan Mayu rundunar ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ake lissafa shi cikin mafi muni a tarihin mulkin mallakar Faransa. Sai dai tun kafin nan asiri ya fara tonuwa: wani hafsa mai suna Peteau, da Voulet ya kora daga tafiyar, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana ba da labarin ta'asar, wasiƙar ta kai ga hukuma a Paris. Aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Ya yi ta ratsa ƙonannun garuruwa da rijiyoyi cike da gawa har ya cim musu a Dan Kori, kusa da Tasawa. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojinsu suka yi tawaye suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu na nan a Mai Jirgi, kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram. Wata uku kacal tsakanin yaƙin Lugu da mutuwarsu. A Arewa, dattawa ba su ɗauki wannan a matsayin katari ba: cewa suke bakin Sarauniya ne ya kama su. Sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan Yulin.

Mangu ta koma Lugu bayan ƙura ta lafa, amma garin bai koma yadda yake ba, don da yawa cikin waɗanda suka watse sun kafa zama a wasu wurare. Labarin baka ya ce a ƙarshen rayuwarta ta shiga ɗaki ta rufe, sai damisa aka ga ta fito ta nufi daji. Sarauta kuwa ta ci gaba, tarkama na nuna magajiya bayan magajiya.

A takardun Faransawa, layuka kaɗan aka ba ta, a matsayin wata tsohuwar matsafiya da ta yi musu tsaurin ido. Wanda ya fito da ita duniya shi ne Abdullahi Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary. Ya sha gudun hijira na shekaru, har Aljeriya, ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, ya kuma sha ɗauri. A 1980 ya fitar da littafinsa mai suna Sarraounia da Faransanci. Mutumin da ya ɗanɗani kurkuku da baƙin ciki irin na mai kishin ƙasa, ya nemi gwarzon da zai nuna wa matasa, ya same shi a Lugu. Ya rasu a haɗarin mota a 1993.

Littafin ƙagaggen labari ne da aka gina kan tarihi, kuma a nan daɗinsa yake. Mamani ya ba Sarauniya ƙuruciya: marainiya da wani dattijo mai suna Dawa ya rena, ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani. Ya ba ta masoyi, ya ba ta maroƙi, ya ba ta birni mai ganuwa, ya sa ta a gaban mayaƙa tana kiran kowace ƙabila da kowane addini su haɗa kai. Daga littafin ne Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya shirya fim a 1986. A Burkina Faso aka ɗauke shi zamanin Thomas Sankara, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma a 1987 ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Siffar da yawancinmu ke gani a zuci idan an ambaci Mangu, budurwa mai kwari da baka, daga nan ta fito.

To ina gaskiya? Ranar yaƙi, wurin yaƙi, ƙone gari da ƙin miƙa wuya, waɗannan tarihi ne. Soyayya, zantuka da adon fada, aikin marubuci ne, kuma ba laifi ya yi ba, don ba don shi ba da sunan ya tsaya a iyakar Arewa. Mai karatu ya sha daɗin littafinsa, ya kalli fim ɗinsa, amma ya riƙe cewa Sarauniyar Lugu ta fi kusa da tsohuwar da ke kaɗi a bukka, wadda ƙarfinta ke cikin yardar da jama'a suka ba maganarta. Ko a addini ba mu bi hanyarta ba, abin da ta tsaya a kai kowa ya san shi: ƙasar kakanni ba a ba da ita don tsoro.

Yau akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta a Yamai, akwai lambar girmamawa ta ƙasa da ake kira da sunan Sarauniya Mangu. Lugu kuwa yana nan ƙaramin ƙauye, yana fama da abin da sauran ƙauyukanmu ke fama da shi. Wanda hanya ta kai shi Dogon Dutsi, ya ratse ya gai da mutanen garin. Ku kuma da ke da tsofaffi a gida daga Matankari, Ƙonni, Tasawa ko Mai Jirgi, ku zauna da su ku tambaye su abin da kakanninsu suka faɗa musu game da shekarar da Nasara suka ratsa. Ku ɗauka a waya, ku adana wa yara, tun masu labarin suna raye.