Mouloud Mammeri, malamin da aka hana yin lacca kan waƙoƙin kakanninsa

Ranar 10 ga Maris, 1980, hukumomin Aljeriya suka hana wani dattijo mai shekara 62 gabatar da lacca a jami'ar Tizi Ouzou. Ba maganar siyasa ya zo yi ba. Tsofaffin waƙoƙin baka na yankin Kabiliya ne ya tattara cikin littafi, ya kuma zo ya tattauna su da ɗalibai. Washegari ɗaliban suka fantsama kan tituna, yajin aiki ya biyo baya, sannan ranar 20 ga Afrilu jami'an tsaro suka far wa jami'ar. Wannan boren ne ake kira Bazarar Berber har yau.

An haifi Mouloud Mammeri ranar 28 ga Disamba, 1917, a ƙauyen Taourirt Mimoun da ke kan duwatsun Kabiliya. Ɗan al'ummar Amazig ne, waɗanda aka fi sani da Berber, kuma harshensu na Tamazight ɗan'uwa ne ga Tamashek ɗin da Abzinawan Nijar ke yi. Da Faransanci ya rubuta ƙagaggun labaransa. Na farko, La Colline oubliée, ya fito a 1952, amma wasu 'yan kishin ƙasa suka yi masa ca, wai ya fifita ƙabilarsa a daidai lokacin da ake haɗa kai don korar Faransa. Zargin bai hana shi mara wa yaƙin neman 'yanci baya ba, har ta kai shi ga gudun hijira zuwa Maroko a 1957.

Da aka sami 'yancin kai a 1962, sabuwar gwamnati ta ɗauki Larabci shi kaɗai a matsayin harshen ƙasa. Hujjarta tana da tushe, domin Faransa ta shafe shekara 132 tana danne Larabci. Sai dai wanda aka danne jiya shi ya koma danne na ƙasa da shi. Miliyoyin 'yan ƙasa suka wayi gari harshen da suka sha a nono ba shi da gurbi a aji ko a kotu.

Mammeri bai kafa jam'iyya ba. Ya riƙa koyar da Tamazight a jami'ar Aljiyas ba tare da darasin ya shiga manhaja ba, har aka rufe ajin a 1973. Ya tattara waƙoƙin mawaƙi Si Mohand a 1969, sannan a 1976 ya wallafa nahawun harshen, wanda ya rubuta cikin harshen kansa. Wannan ne babban aikinsa, don ya rufe bakin masu cewa Tamazight yaren ƙauye ne da ba zai ɗauki ilimi ba.

Ya rasu a hatsarin mota kusa da Aïn Defla ranar 26 ga Fabrairu, 1989, yana dawowa daga wani taro a Oujda. Dubun dubatar mutane suka raka gawarsa. A cikin shekarar ce Aljeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da na siyasa, wadda sashenta na 27 ya haramta hana tsiraru amfani da harshensu.

Duk da haka, sai da yaran Kabiliya suka ƙaurace wa makarantu daga 1994 zuwa 1995, aka kuma kashe fiye da mutum 100 a zanga-zangar 2001, kafin Tamazight ya zama harshen ƙasa a 2002, ya zama na hukuma a 2016. Jami'ar da aka hana shi magana a cikinta, sunansa take amsawa yanzu.